Ogana Ya Ce In Sa Hannu, Wai Kowa Haka Yake Yi

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 31, ina aiki a Legas a reshen wani kamfanin Amurka da ke sayar wa bankuna, masana'antu da hukumomin gwamnati manhajar lissafin kuɗi da albashi. Ina sashen ciniki. Rabin samuna albashi ne, rabi kamasho ne da ke bin cinikin da na kawo. Bana an yanka mini in kawo cinikin dala 900,000, saura mako biyar shekarar kamfani ta rufe, ban kai rabi ba.

Akwai wata hukuma a Abuja da na shafe wata tara ina bi, cinikin dala 400,000. Sun ga gwaji sun yaba. Makon jiya wani babba a sashen sayayyarsu ya ja ni gefe ya ce sai dai a bi ta wani kamfanin dillanci da shi ya zaɓa, kuma in nemo wa dillalin ragin kashi 35 cikin ɗari, alhali a ƙa'idarmu ba ya wuce 15. Ita kuwa hukumar cikakken farashi za ta biya. Da na gaya wa ogana sai ya yi dariya, ya ce in rubuta a takardar neman ragi cewa wani kamfani ne ke shirin ƙwace mana cinikin da farashi mai rahusa. Ya ce kowa haka yake yi. Ya kuma tuna mini cewa in cinikin nan bai faɗa ba, takardar gargaɗi ta wata uku na jirana.

Dama can bare ne ni a ofis. Ba na zuwa zaman da suke yi ranar Alhamis da dare saboda ana shan giya, kuma na lura a can ake rabon manyan kwastomomi. Matata na da cikin wata bakwai, kuɗin haya ya kusa, ƙannena biyu ni ke biya musu makaranta. In rufe ido in sa hannu, ko in ajiye aikin in koma gida?

Ƙanenka, daga Legas

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sauki iyali lafiya.

Kada ka sa hannu. Kada kuma ka ajiye aiki a watan nan. Ka ɗauka hanya biyu ce kaɗai a gabanka saboda tsoro ya matse ka, kuma da gangan aka matse ka ɗin, shi ya sa aka haɗa maganar ragin da maganar takardar gargaɗi a zama ɗaya.

Mu fara da lissafi. Tsakanin kashi 15 da kashi 35 akwai kashi 20, wato dala 80,000 a cinikin dala 400,000. Hukuma ba za ta ga sauƙin ko kwabo ba, kamfaninka ya yi asarar kuɗin, dillalin da bai halarci gwaji ko sau ɗaya ba shi zai riƙe su. Riƙe wa wa? Ka san amsar, shi ya sa ka rubuto. Dillanci a kansa ba laifi ba ne, manyan kamfanonin manhaja da dama ta hannun dillalai suke sayarwa a ƙasashenmu, domin su ke da injiniyoyin da za su girka manhajar, su horar da ma'aikata, su karɓi naira. Ko dillalin shanu a kasuwar Wudil la'adarsa halas ce, tunda mai saniya ya san da ita, mai saye ya san da ita, kuma an ga wahalar da ya yi. Wannan naka bai yi wahalar komai ba, kuma masu kuɗin na ainihi, wato hukumar da jama'ar da harajinsu ne, ba su san da rabonsa ba.

Yanzu ka lura da abu guda da ogan naka ya yi. Da baki ya gaya maka. Bai turo imel ba, bai rubuta a WhatsApp ba. Takardar neman ragi kuwa sunanka za ta ɗauka, da rana, da sa'a, da jimlar ƙaryar nan ta cewa akwai abokin takara. Shi abin da zai yi kawai ya danna amincewa bisa bayanin da ma'aikacinsa ya gabatar. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo daga hedikwata, takardun ragi ne farkon abin da suke buɗewa, domin sun san ta nan ake zurarar da kuɗi. Za su tambaye ka sunan kamfanin da ya yi takarar, da takardar farashinsa. Za ka waiga ka ga ogan yana girgiza kai yana cewa shi ma yaudararsa aka yi.

Ba tsoratarwa nake yi ba, abin ya faru a kamfanonin da suka fi naku girma. A 2015 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani babban jami'in ciniki na kamfanin manhaja na SAP wata 22 saboda cinikin da ya yi da gwamnatin Panama. Dabararsa ita ce taka sak: ya nemo wa dillali ragin da ya kai kashi 82 cikin ɗari, rarar ta zama asusun ba da toshiya. Kamfanin ya biya kusan dala miliyan 4 ya ci gaba da harkarsa, mutumin ya tafi gidan yari. A 2019 Microsoft ya biya wajen dala miliyan 25, babban dalili shi ne reshensa na Hungary, inda ma'aikata suka riƙa neman ragi da sunan kwastoma alhali ragin bai taɓa isa ga kwastoman ba. A 2022 Oracle ya biya dala miliyan 23 kan abin da ya faru a Turkiyya, Indiya da Daular Larabawa, karo na biyu ke nan bayan na 2012. A Janairun 2024 SAP ya sake amincewa da biyan fiye da dala miliyan 220, kuma a wannan karon Afirka ta Kudu ce kan gaba, har sunayen Ghana, Kenya, Tanzaniya da Malawi sun fito a binciken. Ka ga ke nan da ogan ya ce kowa haka yake yi, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Bai dai ƙarasa maka labarin ba ne.

Wataƙila ya ce maka Amurka ta sassauta. Gaskiya ne a Fabrairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da aiki da dokarsu ta hana bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci na ɗan lokaci, amma ba a soke dokar ba, tana nan tun 1977, gwamnati kuma tana sauyawa, takardarka ba ta sauyawa. Ballantana kai a Najeriya kake zaune, dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai bayarwa kamar yadda ta tanada ga mai karɓa. Ta ɓangaren addini ba sai na karanta wa ɗan Zariya hadisin da ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta ba. Sai dai in ƙara maka da cewa kamashon da za ka samu a cinikin bai kai kwatan abin da ake so ka fitar wa wasu ba. Ko a lissafin ɓarayi an cuce ka.

To me za ka yi? Ba sai ka shiga ofishinsa kana wa'azi ba, wannan ba zai ƙara maka komai ba sai gaba. A irin kamfanonin nan wanda ya rubuta shi ke da gaskiya, don haka rubutu za ka yi, gajere, mai ladabi, ba zargi. Ma'anarsa ta zama kamar haka: "Oga, bayan zancenmu kan hukumar Abuja. Sashen sayayyarsu ya buƙaci mu bi ta wani dillali da ba ya cikin waɗanda muka tantance, da ragin kashi 35. Ba ni da wata shaida ta abokin takara, don haka ba zan iya rubuta hakan a matsayin dalili ba. Ina ba da shawarar mu miƙa musu dillalanmu da aka tantance, kuma duk ragin da za a yi ya fito a takardar farashin hukumar kanta. Ina so lauyoyinmu su duba kafin mu ci gaba." Shi ke nan. Ba ka kira kowa ɓarawo ba, ba ka ce shi ya sa ka ba.

Abin da ya fi yawan faruwa bayan irin wannan imel shi ne ogan ya ja baya. Zai ce ba ka fahimce shi ba ne, shi ba haka yake nufi ba. Ka karɓi wannan, ka bar masa ƙofar fita, ba ka da buƙatar ya amsa laifi. In kuma ya kira ka ya ce ka daina rubuta irin wannan, ko ya ɗauke cinikin ya ba wani ya sa hannu, to lamarin ya wuce tsakaninku. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta musu hanyar kai ƙorafi a asirce kan abin da ya shafi lissafi da bincikensa, galibi lambar waya ce ko shafin intanet da ke kai saƙo hedikwata ba tare da ya bi ta Legas ba. Nemo ta a littafin ƙa'idojin da aka sa ka karanta ranar da ka kama aiki. Ba zan ce maka babu ramuwar gayya ba, a ofis mai mutum talatin ba wuya a gane wanda ya yi magana. Saboda haka ka sami littafi naka na kanka, ka rubuta ranar da aka ja ka gefe, wurin, da abin da aka faɗa. Kada ka kwashi takardun kamfani ka tura imel ɗinka na gida, wannan kaɗai ya isa a kore ka da hujja, maganar ragi kuma ta bi ruwa.

Cinikin kansa bai mutu ba tukuna. Mutumin sashen sayayya ba shi ne hukumar ba. Wata taran da ka yi ai ba da shi ka yi su ba, da daraktan kuɗi ka yi, da shugaban sashen kwamfuta, mutanen da ke kwana a ofis duk ƙarshen wata suna haɗa albashi a Excel. Su ne masu ciwon. Koma musu da takardar farashi a hukumance, da jerin dillalanku na gaskiya, da ragin da kamfani zai iya yi a rubuce da sunan hukumar. Ba sai ka ambaci abin da aka raɗa maka ba. Da zarar darakta ya ga farashin da ya sauka da dubban daloli a kan takarda, ya yi wa wancan wuya ya bayyana dalilin da zai sa a sayi abu ɗaya da tsada ta hannun wani. Yana iya yin nasarar danne fayil ɗin duk da haka, masu irin halinsa sun iya sa takarda ta yi barci wata shida a durowa. Ka shirya wa wannan. Ni a ganina da wuya a rufe cinikin nan cikin mako biyar.

Wannan ya kai ni ga taron hasashe na ranar Litinin, inda kowa ke faɗar abin da zai kawo kafin ƙarshen zango. Na tabbata cinikin Abuja yana zaune a layin tabbatattu a manhajarku, kuma ogan ya riga ya haɗa shi cikin adadin da ya yi wa nasa ogan alkawari, shi ma wancan ya tura sama, har ya kai ga abin da ake faɗa wa masu hannun jari duk wata uku. Dariyar da ya yi maka ta mai jin tsoro ce, shi ma akwai mai riƙe da wuyansa. Sauke cinikin daga layin tun yanzu, ka rubuta dalili. Za a yi maka faɗa, amma shugabannin ciniki suna yafe labari marar daɗi da ya zo da wuri, abin da ba sa yafewa shi ne wanda ya fashe musu a daren ƙarshe.

Yanzu bari in taɓa ka kaɗan. Ba a iya matse mai ciniki haka sai in duk ransa yana rataye da kwastoma ɗaya. A wannan sana'ar ana so a ce cinikin da kake bi a kowane lokaci ya ninka abin da aka yanka maka sau uku, domin yawancinsu ba za su faɗa ba, waɗanda za su faɗa kuma suna cin wata shida zuwa shekara. Wasiƙarka ba ta ambaci na biyu ba, balle na uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, bana ta riga ta tafi, amma baɗi daga yau take farawa. Kana da uzuri na gaske, ka kuma koyi faɗarsa da alƙaluma: kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Lasisin manhaja da dala ake sayensa, kasafin kwastoma da naira ake yinsa, ikon sayensa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. In adadin da aka yanka maka bai yi la'akari da wannan ba, maganar da za ka kai teburi ke nan lokacin yankan baɗi, da takarda a hannu, ba da ƙorafin baki ba.

Zaman Alhamis ba zan ce ka je ba. Wanda zuciyarsa ba ta yarda ya zauna a teburin da ake shan giya ba, yana da hujjarsa, kuma ba na son aikin da sai mutum ya sayar da wannan. Amma ka gane abin da ake saye a wurin. Ba giyar ba ce, sabo ne. Ogan yana ba da babban kwastoma ga wanda ya san labarinsa, wanda ya ji yadda yake tunani. Kai kuma ina zargin kana da irin kunyar da aka rene mu da ita, ka yi aiki ka yi shiru kana jiran a gani. A nan ba a gani sai an nuna. Duk Juma'a da safe ka tura masa layi biyar: wa ka gana da shi, me ya motsa, ina kake buƙatar hannunsa. In za ku wurin kwastoma ka shiga motarsa, cunkoson gadar Third Mainland ya isa a yi hirar da ta fi ta mashaya. Ka gayyaci abokan aiki cin abincin rana, ka kai su inda ake gasa tsire mai kyau. Sannan ka tambaya a fili, a taro, wace ƙa'ida ake bi wajen rabon kwastomomi. Tambayar kaɗai takan gyara rabon.

Akwai kuma jarin da kake zaune a kai ba ka taɓa ba. Mutum nawa ne a ofishin naku za su iya shiga masana'anta a Bompai, Sharaɗa ko Challawa a Kano, su gaisa da Alhaji yadda ya kamata, su san cewa ba a fara zancen farashi kafin a tambayi iyali da kasuwa, su kuma gane cewa ɗansa da ya dawo daga karatu shi ne zai fahimci manhajar amma uban ne zai sa hannu? Ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ga kamfanonin taki, shinkafa da sufuri. Cinikinsu bai kai na hukumomin Abuja girma ba, amma mai kuɗin shi ne mai yanke hukunci, kuma ba ya satar kansa. Rubuta shafi ɗaya ka nemi a ba ka yankin a hukumance.

In takardar gargaɗin ta zo, kada ka ɗauke ta wulaƙanci, kada kuma ka ɗauke ta wasa. A kamfanoni da yawa share fagen sallama ce. Ka nemi a rubuta abin da ake so ka cimma da adadi da rana, ka sa hannu a kan ka karɓa, ka fara neman wani aikin a ranar. Wata uku da albashi kana nema ya fi ka koma Zariya hannu rabbana da mace mai jego. Masu ɗaukar aiki a fannin nan tambayarsu ta farko ita ce kashi nawa ka cika a kowace shekara, don haka ka tanadi amsar gaskiya ta shekarun da ka yi, har da bana da dalilinta. Kafin ka yi ko wane motsi ka ɗauko takardar tsarin kamashonku ka karanta ƙananan rubutun: yaushe kamasho ke zama naka, ranar sa hannu ko ranar da kwastoma ya biya, me ke faruwa da shi in ka bar aiki, kuma a wane hali kamfani ke da ikon karɓe wanda ya riga ya biya. Mutane da yawa sun ajiye aiki saura mako biyu kuɗinsu ya nuna. Ka duba inshorar lafiyarku ma, ko ta ɗauki haihuwa, da ranar da take yankewa in aiki ya ƙare.

A gida, ka zaunar da matarka ka gaya mata. Ba sai ka ɗora mata sunaye da daloli ba, ka ce mata an nemi ka yi abin da ba za ka yi ba, kuma watanni masu zuwa za a ɗaure ciki. Ta riga ta ga ba ka barci, rashin sanin dalili ya fi damunta. Daga yanzu ku tsara haya, cefane da makarantar ƙanne a kan albashi tsagwaronsa, kamasho in ya zo ya tafi ajiya. Mai gidan haya ka same shi tun kafin ranar ta zo ka nemi ya raba maka biyu, ƙannen kuma ka kira babban cikinsu ka gaya masa kuɗin zango mai zuwa zai iya jinkiri, don ya san yadda zai yi magana da makaranta.

Imel ɗin ka tura shi kafin taron Litinin, don lokacin da za ka sauke cinikin daga layin tabbatattu dalilin ya riga ya isa akwatinsa.